Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Akasarin waɗanda ke jefa wannan karin magana a yau ba su taɓa ganin yadda ake fafar gora ba, shi ya sa suke ɗaukar sa da sauƙi. Duma ake bari ya ƙosa a gona, ya bushe, sannan a yanke bakinsa, a ɗura ruwa a bar cikin ya jiƙa, a zuba tsakuwa a yi ta girgizawa ana zubarwa, yau da gobe, har ɗacin ya fita. Aiki ne na kwanaki. Wanda ya yi garaje ya cika sabon gora da asuba ya kama hanya, to idan rana ta take ya kai shi baki, abin da zai kurɓa ya fi maɗaci ɗaci, ga shi kuma ya yi nisa da gida.

Ni mutumin Ɗanzomo ne, cikin ƙaramar hukumar Sule Tankarkar, kuma aikin koyarwa ya zaunar da ni shekaru a ƙauyukan ƙasar Gumel, wuraren da idan yashi ya riƙe babur ko kuɗin mai ya gagara, ƙafa ce mota. A Turai da Amurka mutane kan ɗauki hutu takanas, su goya jaka su shiga daji ko su hau duwatsu domin nishaɗi, har akwai kantunan da ba sa sayar da komai sai kayan irin wannan tafiya. Mu a nan larura ce ke kai mu. Makiyayi ne ke bin burtali, ɗan kora ne ke fito da shanu daga kasuwar Maigatari ran Alhamis, mafarauci ne, ɗan ci-rani ne, ma'aikaciyar rigakafi ce da aka ce ta je wata ruga da ba ta cikin taswirar kowa. Abin da ya dame ni har na ɗauki alƙalami shi ne, dajin yana nan yadda yake, zafin rana ma ƙaruwa yake yi, amma sanin abin da ya kamata mutum ya ɗauka kafin ya shige shi yana bin tsofaffi zuwa kushewa. Yaron yanzu ya san caji nawa ya rage a wayarsa, bai san rijiya nawa ce tsakanin Jeke da Galadi ba.

Ƙasar nan tamu tsohuwar hanyar fatake ce. A watan Maris na 1851 Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya ratsa Gumel a kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, ya kuwa tarar da ita babbar matattarar cinikin kanwa. Masu ɗauko kanwar nan daga gabas, da masu sauka Gwanja neman goro, suna da madugu, suna da jagaba, sun san zangon da za su kwana da lokon da mai kayan kai zai jingina kayansa ya huta. Kowane abu cikin taiki ko mangala yana da dalilinsa, domin wuyan mutum ko bayan jaki ne zai biya kuɗinsa. Cikin abubuwan da Barth ya lura da su a ƙasashen Sahel har da wani ɗan ƙarfe da ya ce da wuya ka ga mutumin daji ba shi da shi, wato matsefata, ɗan hantsakin cire ƙaya, saboda azabar ƙarangiya. Na taso na iske irinta rataye a wuyan kakana tare da layunsa. Ba ta kai nauyin goro ɗaya ba, amma wanda ƙayar aduwa ta karye masa a tafin ƙafa, alhali da sauran tafiyar rabin yini a gabansa, zai ba da rigarsa a kanta. Na tambayi ɗalibaina 'yan aji 6 ko sun san mece ce matsefata. Wasu suka ce abin tsefe kitso ne.

Akwai wani jerin kaya 10 da ya shahara a wurin masu hawan duwatsu na Amurka. Wata ƙungiya ce a birnin Siyatil ta fara koyar da shi tun shekarun 1930, aka buga shi a littafinta a 1974: taswira, kamfas, gilashin rana da man kare fata, ƙarin tufafi, fitila, kayan agajin gaggawa, abin hura wuta, ashana, wuƙa, da ƙarin abinci. Mai karatu ya sake dubawa da kyau. Babu ruwa a ciki. Sai daga baya aka gyara jerin aka shigar da shi. Ba wauta ce ta sa suka manta ba, ƙasarsu ce mai ƙoramu da ƙanƙara, duk inda ka juya ruwa na gangarowa daga dutse. Wannan ya ishe mu darasi game da kwaso jerin kayan wasu daga intanet a ɗora wa kai. Ƙasar da za ka taka ita ce ke tsara maka kayanka. Mu kuwa daga Gagarawa har Maigatari babu kogi ko ɗaya mai gudana shekara, jigawa ce da yashi, damina wata 3 zuwa 4, tafkuna kuma kafin bazara ta kankama sun koma tsattsagewar laka.

Saboda haka a wurinmu ruwa ne farko, shi ne na biyu, sauran kaya su bi sahu. Lissafinsa kuwa ba shi da daɗin ji. Mutumin da ke tafe cikin ranar Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, yana iya zubar da gumin da ya kai lita 1 a cikin awa guda. Ledar ruwan nan da muke saye rabin lita ce. Lita 1 kuma kilo 1 ce a kafaɗa, babu ragi. Ke nan tafiyar awa 6 cikin rana tana neman lita 5 zuwa 6, wato leda 10 zuwa 12, kusan kilo 6 kafin ka ɗora ko da ƙwayar dabino. Da kunnena na sha jin samari suna cewa leda 2 ta isa, ai za mu samu a hanya. Wata bazara na taɓa cim ma wasu su 3 a gindin wata aduwa, sarƙar babur ɗinsu ta tsinke tun hantsi, ledojin da suka sha suna yashe a gabansu, ɗayansu ya daina gumi, maganarsa ta fara karkacewa. Dukkansu suna da waya mai tsada. Wani Bafulatani mai tsaron raƙuma ne ya zo da jarka a naɗe da tsumman buhu, muka kwantar da yaron a inuwa, muka jiƙa masa riga, muka riƙa ba shi ruwa kaɗan-kaɗan har hankalinsa ya dawo. Bafulatanin bai yi musu faɗa ba. Kallon takalmansu kawai ya yi, ya kalli ledojin, ya kora raƙumansa.

Jarkar nan mai tsumma jikar salka ce. Salka, wato jakar ruwa ta fatar akuya, takan yi ɗan tsattsafo ta jikinta, iska na busar da danshin tana tafiya da zafi, ruwan ciki ya yi sanyi kamar na randa. Da roba ta kori fata, sai makiyaya suka ɗinke jarka da buhu suna jiƙa shi, suka maido da hikimar ta wata ƙofa. Na fi son jarka 2 ƙanana a kan babba 1, domin idan ɗaya ta fashe ba a yi asarar duka ba, kuma nauyi ya rabu gefe da gefe. Wanda zai bi ta inda rijiyoyi suke da nisa da gari, ya sani cewa rijiya ba guga ba ta da bambanci da rami. Rijiyoyinmu masu zurfi ne, kuma masu su kan tafi gida da igiyarsu. Ko dai ka ɗauki ɗan guga da igiya mai tsawo, ko ka daidaita tafiyarka ka iso lokacin da ake shayar da dabbobi. Dabarar da ta fi kowacce rage nauyin ruwa kuwa ba a jaka ake sa ta ba: sammako. Fatake sukan tashi tun Gamzaki bai ɓace ba, su yada zango kafin rana ta take, sai la'asar sakaliya a sake ɗaura kaya.

Kada wani ya ce ina kambama abin da bai kai ba. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwaki 92 a hamadar arewacin Arlit, dab da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Yawancinsu mutanen yankin Kance ne, cikin jihar Damagaram, maƙwabtanmu, masu harshenmu, waɗanda muke haɗuwa da danginsu a kasuwanni. Motocinsu 2 ne suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. Talauci ne ya fitar da su, ba ganganci ba, kuma dajinmu ba Sahara ba ne. To amma akwai abu guda da ya haɗa su da samarin gindin aduwa. Mai tafiyar ƙasa yakan yi guzuri daidai da nisan ƙasa, wanda ya hau inji kuwa yakan yi guzuri daidai da gudun inji. Ranar da injin ya tsaya, nisan ƙasa na nan yana jira.

Gumi ba ruwa kaɗai yake ɗebewa ba, har da gishirin jiki, shi ya sa za ka ga mutum ya sha ruwa ya ƙoshi amma ƙafafunsa na ɗaurewa. Ƙullin gishiri da na sukari ba su da nauyi. Ma'aunin da ma'aikatan lafiya suka sani shi ne lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda ya sami na leda da ake sayarwa a kantin magani ya fi. Shi ne kuma maganin farko idan gudawa ta kama mutum a hanya, abin da ruwan tafki ya ƙware a kai. Mu da muka girma a shekarun 1980 mun ga zamanin kurkunu, lokacin da aka ƙirga masu ita sama da 650,000 a Nijeriya, manoma suna kwance da damina tsutsa na fita daga ƙafa. An yi yaƙi da ita da tace ruwa da ƙyalle da haƙa rijiyoyin burtsatse, Janar Yakubu Gowon da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter suna kan gaba, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa ƙasar ta rabu da ita. Kurkunu ta tafi, amma kwalara da taifot ba su tafi ba, kuma ƙyalle ba ya tare su. Idan larura ta kai ka ga ruwan kududdufi, ka tace shi da gefen rawani, ka tafasa shi ya yi minti 1 yana tafarfasa. Wannan ne ya sa 'yar butar shayi da ashana a ƙulle cikin leda suke cikin kayan dole. Kakana ƙyastu da ƙanƙara yake ɗauka, da ɗan ƙullin audugar rimi. Ni laita da ashana nake haɗawa, domin kowacce tana da ranar da take ƙin kamawa.

Bayan ruwa sai ƙafa, don ita ce dabbar da ka hau. Ban yarda da sabon takalmi ranar tafiya ba, ko da kuwa daga Ingila aka kawo shi, domin kafin azahar zai yi maka kanta da bororo. Silifas kuma na banɗaki ne, tsidau ma yana huda shi, balle farar ƙaya. Takalmin taya da maƙeran kasuwa ke yankawa ya fi shi nesa ba kusa ba ta fuskar ƙaya, sai dai yana barin yatsu da idon sawu a fili, nan ne kuwa kububuwa ke sara. Macijiya ce ƙarama, launinta launin ƙasa, tana fitowa da almuru da dare, dafinta yana hana jini daskarewa. Takalmi rufaffe wanda ƙafa ta saba da shi, da safa, da dogon wando, da tocila mai sabon batir, da sandar da za ka riƙa bugun ciyawa da ita, sun fi duk wani maganin da za a ba ka ka sha a ce maciji ba zai kusance ka ba. Da safe a zazzage takalmi kafin a zura ƙafa, saboda kunama. Idan kuma ƙaddara ta faɗa, abin da likitoci suka dage a kai ya saɓa wa abin da muka gada: kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau da igiya. A cire zobe ko munduwa, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibitin da ke da allurar kashe dafi. Cibiyar da ta fi shahara da wannan aiki a Arewa tana Kaltungo ta jihar Gombe, kuma tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su. Na san masu baƙin dutse za su ji haushina. Su yi haƙuri, na ga ƙafar da ɗauri ya ruɓar.

Zancen abinci ba ya buƙatar dogon bayani, iyayenmu mata sun riga sun gama shi. Gumba, ƙuli-ƙuli, kantun riɗi, dabino, soyayyar gyaɗa, garin kwaki, da kilishi ga mai hali. Duk busassu ne, ba sa lalacewa, ba sa neman wuta, kaɗan daga cikinsu kuma yana riƙe ciki. Ƙasar da ke cika tireloli da riɗi duk kaka bai kamata ɗanta ya shiga daji da biskit da lemon kwalba ba. Wata makaranta ta taɓa fita da yara yawon buɗe ido, an ɗinka musu riguna iri ɗaya, an loda katan-katan na lemo, aka manta da ruwa da hula. Da aka dawo hotunan sun yi kyau ƙwarai. Kilishi dai a ci shi da lissafi, yaji da gishirinsa suna kiran ruwa.

Malfa ko rawani kuwa ba ado ba ne. Rawani inuwa ne da rana, takunkumi ne idan ƙura ta taso, matacin ruwa ne, igiya ce, abin ɗaure rauni ne, da dare kuma matashi. Irin kayan da nake girmamawa ke nan, abu 1 mai aiki 6. Mutane da yawa suna shirya wa zafi su manta da sanyi, alhali daren hunturu a fili, kan yashin da ya saki zafinsa tun magariba, yana iya hana mutum runtsawa har asuba. Bargo mara nauyi, da buzu ko 'yar tabarma da za ta raba haƙarƙari da ƙasa, da leda babba idan damina ce, da gidan sauro. A 1955 wata tsohuwa Ba'amurkiya mai shekara 67, Emma Gatewood, uwar 'ya'ya 11, ta taka hanyar duwatsun Afalashiya daga farko har ƙarshe, sama da kilomita 3,000, ita kaɗai, da takalmin kambas, da bargo, da labulen leda na banɗaki a matsayin rumfa, cikin wata jaka da ta ɗinka da hannunta ta saɓa a kafaɗa. Da ta ga kayan Bafulatanin nan mai raƙuma, da ta gane ɗan'uwa. Masana wannan harka sun ce kada kayan baya su wuce kashi 1 cikin 5 na nauyin mai ɗauka. Mai kilo 60 ke nan yana da kilo 12, rabi kuma ruwa ya riga ya cinye. Cikin ragowar ne za a cusa wuƙa, allura da zare, sabulu, bandeji, maganin ciwon kai da na zazzaɓi. Wanda ya yi wannan lissafi sau ɗaya da kansa ba sai an ce masa ya bar lasifikar kiɗa a gida ba.

Ban ce a bar waya ba. Ta ceci rayuka, ni ma ba na fita sai da ita, da ɗan batirin ajiyar caji. Abin da nake ƙi shi ne a mai da ita madugu. Akwai kwaruruka tsakanin jigayi da ba ta kama komai, kusa da iyaka kuma takan tsallaka ta kama layin Nijar ta bar ka da saƙon maraba. Taswirar cikinta ta san titin Gumel zuwa Maigatari, ba ta san burtali ba, ba ta san rijiyar da ta rufta bara ba, ba ta san gonar da aka shinge hanya ta bi ta wani wuri ba. Cikin hazon hunturu, lokacin da rana ke zama kamar farin faifai kuma kowace kalgo ta yi kama da 'yar'uwarta, sanin cewa iskar daga arewa maso gabas take busowa ya fi taswirar da ba ta buɗewa. Lambobin mutum 2 ko 3 a rubuta su a takarda, domin idan waya ta mutu takan mutu da su. Sannan a yi sallama ga duk wanda aka tarar a bakin rijiya, a tambaye shi hanya ko da an san ta. Goro 2 da ka ɗauka don wannan ba asara ba ne.

Akwai kuma kayan da fataken da ba su san shi ba, wato takarda. Sarautar Gumel kanta daga Tumbi ta taso, garin da yanzu yake cikin Nijar, don haka iyakar nan ta raba gida ɗaya ne, da wa da ƙane. An rufe ta a Agustan 2019, Maigatari na cikin mashigai 4 da aka fara buɗewa a Disamban 2020. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yulin 2023, sai a Maris na 2024 Nijeriya ta buɗe ɓangarenta. Duk lokacin da aka garƙame ƙofa, biki da jana'iza da ciniki ba sa tsayawa, sai jama'a su koma hanyoyin daji, har da waɗanda ba su taɓa yin tafiyar awa 2 a ƙasa ba, mata da goyo, tsofaffi da sanda. Ba ina koya wa kowa ƙetare doka ba ne. Ina cewa ne a zamanin da jami'an tsaro da 'yan sa-kai suke zargin duk baƙuwar fuska a daji, katin shaidar ɗan ƙasa a naɗe cikin leda, a aljihun ciki, yana iya raba mutum da kwanan wahala ko abin da ya fi haka. Kuɗi kuma a raba su wuri 2, kada adda ko wuƙa ta zama abin da ake fara hangowa a jikinka.

Na ƙarshe ba ya shiga jaka, a gida ake barin sa. Dā matafiyi ba ya fita sai ya yi sallama da maigida, ya faɗi zangon da zai kwana da ranar da za a sa ido. Yanzu yaro kan fice ba wanda ya sani, wai ai zai kira. Idan bai kira ba, uwarsa ba ta san ko gabas za a nufa ko yamma ba, kwana 2 su wuce ana buga layin da ba ya shiga. Ni idan zan yi nisa nakan yagi takarda in rubuta ƙauyukan da zan ratsa bi da bi, da wanda zan sauka wurinsa, da lokacin da idan ya wuce ba a ji ni ba a fara nema, da inda za a fara. Sai in soke ta a jikin faifan da ake rufe randa, inda duk mai shan ruwa a gidan sai ya gan ta.